Rajista mai sabunta kanta: abin da doka ta tanadar wa mai waya a Tafo da wanda ya ƙetare iyaka

Rajista mai sabunta kanta ita ce yarjejeniyar da mutum ya amince da ita sau ɗaya, amma a ci gaba da cire masa kuɗi kullum, ko duk mako, ko duk wata, har ranar da ya ce a tsaya. Masu Faransanci suna kiranta reconduction tacite, wato sabuntawa cikin shiru, domin shirun mai saye ne ake ɗauka a matsayin yardarsa. Tsarin ya daɗe a harkar inshora da hayar gida da sayen jarida a Turai, sai wayar hannu ta kawo shi aljihun talakan Afirka ta Yamma.

A Tafo, da ke arewacin birnin Kumasi a kan hanyar Mampong, wadda aka ba ta majalisar mulkinta a 2018, ƙorafin ba baƙo ba ne. Ana jin sa a ƙarƙashin lemar masu MoMo da wurin masu gyaran waya: an sa kiredit da daddare, ba a kira kowa ba, da safe ya ragu. Wani ya zargi yaransa, wani ya ce kamfani ne ɓarawo. Sau da yawa kuwa wata rajista ce da aka shiga watanni da suka wuce, mai layin ma bai tuna da ita ba, ko bai taɓa sanin ya shiga ba.

Akwai dalilin da ya sa abin yake rikita mutane a Zango. Kusan duk abin da aka saba saye, biya ake yi kafin a mora. Mitar wutar ECG idan kuɗinta ya ƙare sai ta ɗauke. DStv ko GOtv idan wata ya cika ba a biya ba, sai tashoshi su rufe. A irin wannan ciniki rashin biya shi ne sallama. Rajista mai sabunta kanta ta juya lamarin: wanda ya yi shiru yana ciki, wanda yake son fita shi zai motsa. Kuma kuɗin da ake cira ba ya da yawan da zai tayar da hankali a rana guda. A ɗauka ana cire rabin sidi kullum. A wata ya zama sidi 15, a shekara ya haura sidi 180. Idan rajistar uku ce a layi ɗaya, kuɗin ya wuce sidi 500, daga hannun mai sayar da koko ko ɗan achaba da ke ƙirga kowace fesuwa.

Aljihu uku, hukuma uku

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne daga ina kuɗin yake fita, domin shi ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Mafi yawan abin da ke damun jama'a daga kiredit yake fita. Nan ne ake samun waƙar da mai kira yake ji kafin a ɗauka, da saƙon sakamakon ƙwallo, da hasashen caca, da wasannin waya, da addu'a ko hadisin kowace rana, da data mai sabunta kanta idan wa'adinta ya cika. Galibi ba kamfanin layin ne ya ƙirƙiri waɗannan hidimomi ba. Wasu ƙananan kamfanoni ne masu lasisi suke haɗa su, su bi ta layin su sayar, a raba kuɗin tsakaninsu. Shigar ba ta da wuya ko kaɗan: danna lamba ɗaya yayin da ake sauraron talla, ko taɓa wani hoto a shafin intanet, ko amsa saƙon da ya faɗo bisa fuskar waya lokacin da mutum yake ƙoƙarin kawar da shi. Idan ranar cira ta zo babu kuɗi a layin, na'urar takan riƙa gwadawa har sai an sa kiredit. Shi ya sa wani yake ganin kuɗinsa ya ragu a cikin mintin da ya sa shi. Wannan fanni yana ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA.

Na biyu shi ne asusun kuɗi na waya, MoMo da 'yan'uwansa. A nan mutum yakan ba da izini sau ɗaya ga kamfanin inshora, ko na bashi, ko na sayar da waya da fitilar sola a biya kaɗan-kaɗan, su riƙa cira da kansu. Babban Bankin Ghana ne ke sa ido a kan wannan, bisa dokar tsare-tsaren biyan kuɗi ta 2019, mai lamba 987.

Na uku katin banki ne, wanda ake biyan Netflix da Spotify da manhajojin Google Play da na Apple da shi. Matasan da suka yi boko sun fi faɗawa wannan, musamman ta hanyar gwajin kyauta na mako guda ko wata guda, wanda yake rikiɗewa ya zama biya idan ba a soke ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a goge manhajar daga waya a ɗauka an rabu. Gogewa ba ta soke komai, rajistar tana nan a asusun Google ko na Apple har sai an shiga can an tsayar da ita. Tun 2020 kamfanin Visa ya wajabta wa masu karɓar kuɗi da katinsa su tunatar da mutum kafin gwajin kyauta ya koma biya, su kuma ba shi hanyar sokewa ta intanet. Amma wannan ƙa'idar kamfani ce, ba dokar ƙasa ba.

Abin da dokar Ghana ta ce

Ghana ba ta da doka guda ɗaya dunƙulalliya ta kare masu saye. An shafe shekaru ana maganar daftarinta a Ma'aikatar Ciniki, ƙungiyoyi irin su CUTS International da ke Accra suna ta matsa lamba, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa. Akwai wata ƙungiya mai suna Consumer Protection Agency da ake yawan jin muryarta a rediyo, mutane da dama suna zaton hukumar gwamnati ce saboda sunanta, alhali ƙungiya ce mai zaman kanta, tana iya yin kuka a madadin jama'a amma ba ta da ikon cin tarar kowa. Saboda haka kariyar da mai waya yake da ita a warwatse take cikin dokoki daban-daban, sai an tsinto.

Wadda ta fi kusa da batun ita ce dokar mu'amala ta na'ura ta 2008, mai lamba 772. Ta wajabta wa mai sayar da kaya ko hidima ta intanet ya bayyana sunansa da adireshinsa da cikakken farashi, kuma idan hidimar mai maimaituwa ce ya faɗi mafi ƙarancin wa'adin da yarjejeniyar za ta ɗauka. Ta ba mai saye damar janyewa ba tare da ba da dalili ba cikin kwana 14 bayan karɓar kaya, ko kwana 7 bayan ƙulla yarjejeniyar hidima, ko da yake akwai wuraren da aka keɓe, kamar hidimomin kuɗi da hidimar da aka riga aka fara da yardar mai saye. Ta hana aika wa mutum saƙon talla ba da izininsa ba. Sannan ta faɗi abu mafi muhimmanci ga ɗan Tafo: idan aka aiko maka da tayin da ba ka nema ba, ka yi shiru, shirunka bai ƙulla ciniki ba.

Nan ne kuma gibin yake. Dokar ta kare wanda bai taɓa cewa e ba. Wanda ya taɓa dannawa sau ɗaya, ko da bisa kuskure, ko ɗansa ne ya danna yana wasa da wayar, ba ta tilasta wa kamfani ya sake tambayarsa kafin kowace cira ba, ba ta kuma kafa wa'adin tunatarwa irin na Faransa ba. An rubuta ta a lokacin da ake tunanin ciniki ta intanet shi ne mutum ya zauna gaban kwamfuta ya karanta sharuɗɗa, shekara guda kafin MTN ta fara MoMo a 2009.

NCA ce take ƙoƙarin cike gibin da ikon da dokar sadarwa ta 2008, mai lamba 775, ta ba ta. Ita ke ba masu ƙarin hidimomin waya lasisi, kuma tana da kundin ƙa'idoji kan saƙonnin da ba a nema ba, wanda ginshiƙinsa biyu ne: a nemi yardar mai layi kafin a sa shi, a kuma ba shi hanyar fita kyauta. A Oktoba 2019 Ma'aikatar Sadarwa, a ƙarƙashin minista Ursula Owusu-Ekuful, ta umarci kamfanoni su daina ƙona datar da mutum ya saya bai ƙarar ba, su haɗa masa ita da wadda zai saya a gaba. Umarnin ya taɓa batun sabuntawa ta gefe, domin tsoron asarar ragowar data na cikin abin da ke sa mutane barin sabuntawa a kunne. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, wadda ta ba mutum ikon hana a yi amfani da lambarsa wajen yi masa talla kai tsaye.

Duk waɗannan suna da rauni guda da ya fi shafar Zango. Saƙon neman yarda, da na tunatarwa idan an aiko, da umarnin fita, da Turanci suke zuwa. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta lissafin shagonsa da ajami, yake ciniki da Hausa da Twi, saƙon Turanci mai layi huɗu ba sanarwa ba ce a wurinsa. A takarda an sanar da shi, a zahiri ba a gaya masa komai ba. Babu adalci a kira danna maɓallin da mutum bai iya karanta abin da ke kansa ba da sunan yarda, ko da doka ta karɓe shi a haka.

Idan an canja layi, an canja doka

Tun zamanin fataucin goro Hausawan Kumasi mutanen hanya ne, yau ma da wuya a rasa mai layi biyu ko uku a aljihu: na Ghana, na Nijar, na Najeriya. Haƙƙin mai waya kuwa layin yake bi, ba mutumin ba. Ɗan Tafo da ke Kano da layin Ghana, dokar Ghana ce a kansa. Da ya sa layin Najeriya, ya koma ƙarƙashin wata.

A kan wannan batu Najeriya ta yi gaba. A 2016 hukumar sadarwarta, NCC, ta fito da lambar 2442, wadda ake aika wa kalmar STOP don toshe saƙonnin talla. A 2018 ta ba kamfanoni umarni ƙarara cewa kada su sabunta wa kowa data ko wata ƙarin hidima sai da yardarsa, tare da tarar naira miliyan 5 ga wanda ya saɓa. Tun 2023 gajerun lambobin hidima suka zama iri ɗaya a dukkan layuka, inda *305# ta zama ta tsayar da ƙarin hidimomi, 300 ta kiran kamfani, sannan 622 tana nan don kai ƙara wurin hukumar kyauta idan kamfani bai share hawaye ba. Bayan haka akwai dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma haramta sharuɗɗan zalunci a yarjejeniya. Wannan bai sa ƙorafi ya ƙare a Kano ko Zariya ba. Bambancin shi ne mai ƙorafin yana da takamaiman umarnin da zai kafa hujja da shi.

A Nijar akwai dokar 2015 da ta shimfiɗa ginshiƙan kare masu saye, harkar waya kuma tana hannun hukumar ARCEP. Sunan nan ɗaya ne a Burkina Faso da Togo da Benin, ƙasashen da matafiyi daga Kumasi zuwa Yamai ko Maraɗi yake ratsawa, sai dai kowace hukuma ikonta a kan layukan ƙasarta ya tsaya. Yarjejeniyar rage kuɗin amfani da layi a ƙetare da ta fara aiki tsakanin Ghana da Kwaddibuwa a 2023, da Togo da Benin a 2024, ta sa mutane da yawa suna tafiya da layinsu na gida, amma ba ta sauya wurin kai ƙara ba.

Yadda wasu ƙasashe suka ɗaure lamarin

Faransa ce misalin da ya fi amfani ga masu 'yan'uwa a can, da ma masu tsara doka a ƙasashen da ke koyi da tsarinta. Dokar Chatel ta 2005 ta ce dole kamfani ya rubuta wa abokin cinikinsa tsakanin wata uku da wata ɗaya kafin ƙarewar wa'adin da zai iya cewa ba ya son sabuntawa. Idan bai rubuta ba, mutum yana da ikon fita duk ranar da ya ga dama bayan sabuntawar, kyauta, a mayar masa da kuɗin sauran lokacin da ya riga ya biya. Hikimar dokar ita ce ta ɗora nauyin tunawa a kan wanda yake cin ribar mantuwa. Daga 1 ga Yuni 2023 aka ƙara da cewa duk kamfanin da ke karɓar rajista ta intanet dole ya samar da hanyar sokewa ta intanet, abin da Faransawa suke kira sokewa da dannawa uku. Jamus ta riga ta wajabta maɓallin sokewa tun Yuli 2022.

Indiya ta bi ta wajen kuɗin. Tun Oktoba 2021 babban bankinta ya ce a sanar da mai asusu aƙalla awa 24 kafin kowace cira mai maimaituwa, da damar hanawa, idan kuma kuɗin ya wuce wani adadi sai ya sake tabbatarwa da kansa. Ga ƙasar da asusun waya ya zama bankin talaka kamar Ghana, wannan ya fi sauƙin ɗauka, tunda ba ya jiran majalisa, umarnin babban banki ya isa.

A Amurka ana ta kai-komo. Hukumar ciniki ta tarayya, FTC, ta fitar da ƙa'ida a Oktoba 2024 cewa fita ta zama da sauƙi kamar shiga, wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a Yuli 2025 saboda kuskuren bin matakai. Duk da haka, da tsohuwar dokar 2010 hukumar ta kai Amazon kotu kan yadda ake shigar da mutane tsarin Prime da wahalar fita daga cikinsa, a Satumba 2025 kamfanin ya yarda ya biya dala biliyan 2.5 a sasanta.

Abin da mai layi zai iya yi yau

A layin MTN na Ghana, *175# tana nuna hidimomin da aka yi wa layin rajista, a nan ake soke su ɗaya bayan ɗaya. A kowane layi, MTN ko Telecel ko AT, ana iya kiran 100 a nemi ma'aikaci ya karanto duk rajistar da ke kan lambar, ya cire su, ya kuma faɗi ranar da aka shiga kowace da ta wace hanya. Tambayar nan ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Idan kamfani ya kasa nuna lokacin da mai layi ya amince, to kuɗin da aka cira ba bisa yarjejeniya aka cire shi ba, kuma neman a mayar da shi haƙƙi ne, ba roƙo ba. A karɓi lambar ƙorafi, a ajiye saƙonnin da ke nuna cirar, kada a goge su don haushi. Idan kamfani ya yi biris, sai a wuce NCA, wadda take da ofishi a Kumasi, ba sai an je Accra ba. Wanda ya gaji da kamfani gaba ɗaya yana iya komawa wani da lambarsa, tun 2011 aka ba da wannan dama.

Idan daga MoMo ko banki ake cira, a fara da wanda aka ba izinin a janye shi, a sanar da kamfanin asusun ko bankin, in ba a warware ba a kai ga Babban Bankin Ghana, wanda ƙa'idojinsa suka ɗora wa cibiyoyin kuɗi karɓar ƙorafi da amsa shi cikin wa'adi. Sai dai a lura, tsayar da cira ba ya goge bashi. Wanda ya karɓi waya a biya kaɗan-kaɗan ya janye izini, kuɗin yana nan a wuyansa, wayar ma tana iya kullewa. Haka mai inshora, idan ya tsayar da biya kariyarsa ta faɗi, don haka a duba ko abin da za a soke ɗin ana bukatarsa. Kuma duk wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne zai taimaka a cire rajista, ya nemi lambar sirri ta MoMo, ɗan damfara ne. Sokewa ba ta bukatar a faɗa wa kowa lambar sirri.

Akwai wata matsala da ta fi yawa a unguwannin baƙi. Tun da aka fara sake rajistar layuka da katin ɗan ƙasa na Ghana a Oktoba 2021, wasu da samun katin ya yi musu wuya sun yi amfani da sunan ɗa ko maƙwabci ko maigida. Layin yana aiki, amma ranar ƙorafi kamfani da mai sunan yake magana. Wanda layinsa yake haka, ya je ofis tare da mai sunan, in da hali a mayar da layin sunansa.

Matafiyi kuma, kafin ya cire layin Ghana ya jefa a jaka ya nufi Maraɗi ko Kano, ya duba rajistar da ke kansa. Cirar kullum ba ta bukatar layin ya kasance cikin waya. Muddin akwai kiredit a ciki za ta ci gaba da tafiya, idan ya ƙare kuma wata rajistar takan jira har ranar da ya dawo Tafo ya sa sabo.